Ranar Da Ƙwayoyin Suka Juya Kai

Zuwa ga Hamish, ruwan farko bayan shekarar fari, inuwar itacen turare a tsakar zafin da ake yi a ƙasarmu cikin Janairu, sanyin idona,

Ranar Talata da hantsi aikina ya yi. Ka san shekara uku nake fama a ɗakin bincikenmu na Canberra da ƙwayoyin iskar gas, 'yan mitsi-mitsin nan da ido ba ya gani, kowace na jujjuyawa yadda ta ga dama. Nakan harba musu walƙiyar haske gajeriya ƙwarai don su fuskanci gefe guda. Su miƙe kan layi ba wuya, amma kullum rabi kai sama, rabi kai ƙasa. Wannan karon na haɗa haske kala biyu, sai ga shi a allon kwamfuta: masu kai sama sun rinjaya! Abokan aiki suka kaure da ihu, aka sayo kek. Ni kuwa na ɗauki waya, sannan na tuna wata biyar ke nan ba ka amsa kirana.

Ka tuna lokacin askin tumaki a gonarku ta Yass? Ina maka bayanin aikina, kana share gumi da hula, ka ce, "Dakta, ni da kare ɗaya nake juya tumaki dubu kafin shayi ya huce. Ke ga na'ura ɗaki guda, kin kasa juya abin da ko ganinsa ba a yi. In ara miki karen?" Na yi dariya har na faɗa cikin tarin ulu. Wa zai sake tsokanata haka? Wa zai ciro ni yana cire mini ulu daga gashi?

Ranar da aka binne mahaifinka ban zo ba. Mako guda aka ba ni a kan na'urar bayan wata shida ina jiran layi, na zaɓi na'ura. Ka tsaya bakin kabari kai kaɗai, alhali tsakaninmu tafiyar awa ɗaya ce. Ba ni da hujja, masoyina. Na yi laifi, kuma kunyarsa ta fi kewarka cin raina, kewar da ta busar da ni kamar tafki a ƙarshen rani.

Jiya wata jami'a a Jamus ta yi mini tayin aiki. Na ce a'a. Ban faɗa don in ɗora maka nauyi ba. Bincike dai ba zan bari ba, kai ma ba za ka bar gona ba, amma ba za ka ƙara neman hannuna ranar baƙin ciki ka rasa ba.

Ranar Asabar ina tafe. In na tarar da ƙofar gona a buɗe, zan shigo. In a kulle take, ka ɗaure kare, don haurawa zan yi.

Taka, yau da gobe, har ƙasa ta rufe idona,
Bronwen