Kujerar da Ka Juya wa Bango

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da na fake a ƙarƙashinta shekara talatin, ruwan randata a tsakiyar zafi, Baban Auta.

Na san za ka yi mamaki, muna kwana ɗaki ɗaya amma ga wasiƙa a aljihun rigarka. To yaya zan yi? Wata bakwai ke nan in na yi maka magana sai ka sunkuyar da kai.

Ka tuna ranar da Auta zai koma bakin daga? Ka zaunar da shi a kujerar shagonka, ka ɗaura masa ƙyalle a wuya, kana tsokanarsa wai wane irin soja ne wannan mai tsoron aska a bayan kunne. Ya yi ta dariya har ka ɗan yanke shi, ni kuma ina bakin ƙofa ina yi muku faɗa. Ban taɓa sonka kamar ranar ba, tabarau ya zamo maka kan hanci, kana hure masa gashi daga ƙeya kamar jariri.

Bai dawo ba. Shekararsa ashirin da uku. Allah ya jiƙan ɗanmu.

Tun ranar da manyansa suka kawo mana jakarsa ka juya kujerar nan ta kalli bango, ka kulle shago. Ka ce hannunka ne ya gyara shi ya miƙa wa mutuwa. Haba masoyina! Ba hannun nan ne ya yi masa askinsa na farko ba? Da me kake so ya tafi, in ba da ɗumin tafin ubansa ba?

Gobe ɗan maƙwabciyarmu zai tafi horon soja. Uwarsa ta shigo jiya, ta ce yaron ya kafe ba mai taɓa kansa sai wanda ya yi wa Auta aski. Ni dai na goge madubi, na sa wa injin askin mai, makulli kuma yana ƙarƙashin matashinka.

Na rasa ɗa, na haƙura don babu yadda zan yi. Amma kai kana da rai, kuma ina kewarka yadda shuka ke kewar ruwa. Don Allah kada ka sa ni takabar mijin da ke zaune a gabana. Ka buɗe shagon gobe. In hannunka ya yi rawa, ina tsaye a bayanka, zan riƙe maka shi har ka gama.

Taka, yau da gobe har numfashina na ƙarshe,
Maman Auta.