Soron Kakanka da Ɗakin Ayilan

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar Ayilan? Mu nan Kankia sai godiyar Allah.

Ranar Talata kawunka Sale ya kira ni daga Yashe, wai ga magini da leburori da diga a ƙofar soron kakanka, sun ce kai ka aiko a rushe a yi na bulo. Innalillahi! Ko mayafi ban daidaita ba na hau mota. Na iske har sun cire indararo ɗaya.

Ba kai ne ka turo mini hoto watan jiya ba, kana washe baki gaban wani tsohon ɗakin ƙauyen Turawa? Ka ce da dutse da laka kakanninsu suka gina shi, maƙwabta suka yi gayya, aka shafe shi da farar ƙasa, aka ɗaure jinkar da igiya da duwatsu saboda iska. Nasu tarihi ne, namu juji? Tubalin nan mahaifina da hannunsa ya mulmula shi, kuma sunansa ka ci.

Na sallami maginin. Na ce ya dawo da makuba kafin damina, yaɓe za a yi. In bulo kake so, ga fili bayan rumbu.

Ka gaida matarka da yara. Ka sa kakanka a addu'a, ni kuma ta shiriya nake yi maka.

Mahaifiyarka