Hoton da Ya Fita Ƙarfe Tara

Bucaramanga, 14 ga Maris

Aminina Evelio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya uwargida Nubia da ciwon gwiwa? Yaya 'yarka Yurani, wadda ni ma 'yata ce? Ka ƙi ɗaukar wayata, shi ya sa na koma takarda.

Shekara ashirin da biyu muka yi a ɗakin na'urori na kamfanin inshorar nan, ba a tunawa da mu sai intanet ta ɗauke. Da aka naɗa ni shugaban sashen fasaha, na zaci aikin ne zai ƙaru. Ina! Mai kamfani ya ce shugaban zamani a gan shi ake so. Aka buɗe mini shafukan sada zumunta, aka ɗauko 'yan talla suna rubutu da sunana. Ni da ko katin Kirsimeti sai matata ta rubuta mini, wai ni ke ba matasa shawara kowace safiya!

Hoton nan da na rungume ka, tun Janairu suka ɗauka, suka saita shi ya fita da kansa Litinin ƙarfe tara. A ƙarƙashinsa an rubuta, "Ma'aikatana su ne dangina." Na rantse da Allah ban rubuta ba, ban ma gani ba. A safiyar nan, takwas da rabi aka ba ku takardar sallama, ku goma sha ɗaya. An ce kana bakin ƙofa da kwalin kayanka Yurani ta turo maka hoton, tana murna.

Mutum dubu huɗu suka yaba. Mai kamfani ya dafa kafaɗata ya ce, "Aristides, yanzu ka fara zama shugaba!" Na ce a cire, aka ce cirewa zai fi jawo surutu. Har yau yana nan, ni kuma kunya ta hana ni cin abinci.

Asabar Yurani ke bikin cika shekara goma sha biyar. Ni na riƙe ta a coci ranar baftisma, kuma ta sa na yi mata alkawarin rawa ta biyu, bayan taka. Har na sayi zoben da zan ba ta a bikin. Don Allah ka bar ni in zo, ko a bakin ƙofa ne in tsaya.

Amma ba zan shigo gidanka da ƙarya ba. Rubutun ban karanta ba, wannan gaskiya ne. Jerin sunayen waɗanda za a sallama kuwa na karanta, Evelio. Naka ne na bakwai. Na sa hannu.

Ka gaida mutanen gida.

Naka, in har kana so,
Aristides