Bangon da Shanu Ke Lasa

Daren Laraba, tsakiyar damina. Yalwawa, Dutse.

Bangon ɗakin nan ya sake yin gumi yau. Ba yoyo ba ne. Allunan ƙasar wajen da aka yi ginin da su ne ke shan laima, sai su riƙa tsattsafo da ruwa. Ƙusoshi duk sun yi tsatsa, har wadda na rataye hoton matata Hadiza da yara ta karye. Da aka dawo da mu aiki daga Kano, cewa aka yi gidajen wucin gadi ne, iyali su ɗan jira. Har yau jiran suke yi.

Da la'asar na ji ana gurzar bangon ta waje. Na fita da sanda, sai na tarar da shanu suna lasa. Mai su, wani dattijo, ya dangwala yatsa ya ɗanɗana.

"Gishiri ne, ɗana, shi ya jawo su. Yi haƙuri, gobe zan sauya hanya."

Na shimfiɗa masa tabarma. Muka yi ta hira har magariba, muka yi jam'i. Rabon da wani ya zauna a ƙofar nan har na manta.

Na san lasar nan cinye allon take yi, kuma ni ofis zai tuhuma. Amma da zai tafi na ce, "Baffa, kada ka sauya hanya."

Allah ya sa bangon kada ya bushe da wuri.