An Hana Baba Gona

Daren Talata, Rogo

Mun dawo daga asibitin Ƙaraye. Baba ya samu barci, ni na kasa.

Da hantsi ya faɗi a gonarsa ta Beli yana cirar gyaɗa. Na yi ta rantse wa likita cewa bai taɓa tsallake maganin zuciyarsa ba, da hannuna nake ba shi.

Likitan ya ce, "Na yarda. Maganin nan yana daidaita bugun zuciya, amma idan ta yi sauri sai ya ƙara kama ta da ƙarfi, har ya rikita ta. Za mu canza shi. Gona kuwa, sai dai Malam ya haƙura."

Baba godiya kawai ya yi. Da ma faɗa ya yi, da na fi samun sauƙi.

A mota yana ta kallon dawar mutane ta taga. Can ya ce, "Hadiza, gobe ki aika wa kawunki Sani ya ƙarasa gyaɗar nan." Sai ya ƙara da cewa, "Ki ce ya bar min kunya ɗaya, ko a zaune na cire."

Na ce to, ban iya kallonsa ba.