Na Tsallake Baffana da Hukka, Gari Ya Ɗauka Kora Ce

Yaya Shagufta, don girman Allah ki cece ni. Na yi wata ɓarna da hannuna na dama, yau kwana tara ke nan ko gurasar matata ba ta yi mini daɗi.

Ni dagaci ne a wani ƙauye da ke gefen kogin Cenab. Ba iyawata ce ta ba ni ba, gado ne. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, ƙanensa Baffa Niyamat ya riƙe ni ya riƙe kujerar, sai bara ya naɗa mini rawanin da hannunsa ya ce gwiwoyinsa sun gaji. To, ina zaman zamana sai ga annobar nan ta tari da zazzaɓi, sai ga takarda daga ofishin gunduma: a daina taro, a daina musabaha, a rufe hanci da baki, kuma kada jama'a su riƙa zuƙar hukka, tukunyar shan tabarmu mai dogon bututu, da baki ɗaya. Na karanta, na ninke, na sa a aljihu. A raina na ce wannan maganar 'yan birni ce, wa ya isa ya raba dattawanmu da hukka? Kin dai san halinmu. Bayan la'asar kowa ya haye gadon igiya a zauren gari, a cusa taba da mazarƙwaila, a ɗora garwashi, bututu ya yi ta zagaye. A nan ake raba ranakun ban-ruwa, a nan ake sasanta faɗa, a nan ake cin naman wanda bai zo ba.

Ranar Talatar makon jiya Baffa ya dawo daga Lahore, ya je ganin 'yarsa da ta haihu. Ya shigo zaure ya tarar an fara, bututun yana hannuna, kuma ko yaro ya san in babba ya shigo shi ake miƙa wa. Ya zauna kusa da ni yana ta kuranta jikansa, wai hancinsa sak nasa, sai ya yi tari sau biyu. Wallahi sau biyu kacal, ƙila ma ƙurar mota ce. Nan take takardar nan ta faɗo mini a rai. Hannuna ya ɗaga bututun, ya wuce da shi ta gaban gemun Baffa, na miƙa wa na gaba. Ban ce uffan ba, ni a tunanina dabara na yi.

Kowa ya juyo ya zuba mini ido. Sai a lokacin na tuna, a garinmu ba a tsallake mutum da hukka sai wanda aka yanke wa hukunci aka fitar daga cikin jama'a. Rabon da a yi wa wani haka shekara arba'in, wani ne da ya saci ɓaunar gida ta maƙwabcinsa, irin wadda muke tatsa, kuma Baffa ne da kansa ya yanke hukuncin. Tsohon nan ya miƙe, ya gyara rawani, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kafin magariba gari ya gama shari'a. Wasu sun ce ya sayar da gonar gado a Lahore, wasu sun ce dama shi ke karkatar da ruwan mutane zuwa rakensa. Wanzami ya daina bi ta ƙofarsa. Na je gidan sau uku, aka ce yana barci, alhali ina jiyo rediyonsa. Matata Sughra ta kai masa kindirmo, ya dawo da kwanon, wai korarre ba ya shan na gidan sarauta. Ita kuwa ta samu abin yi: duk sanda ta kawo mini shayi sai ta tsaya ta tambaya, ranka ya daɗe zai sha ne, ko shi ma a tsallake shi?

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Yanzu babu mai tari a garinmu, kowa ya warke! In tari ya taso wa mutum a zaure sai ki ga ya haɗiye shi idanunsa na hawaye, ko ya zabura wai zai duba ɓaunarsa. Malamar lafiya da ke zagaya gidaje ta ce kowa lafiya lau yake ce mata, tana kuma jin tari ta bayan katanga. Baffa ya rantse ba mai sa masa tsinken gwajin cutar a hanci. Hukka kuma tana nan tana zagaye, ga girbin alkama saura kwana goma, lokacin da kowa ke shiga gonar kowa.

Liman ya ce in tara jama'a in miƙa wa Baffa bututun da hannu biyu, in zuƙa a bayansa, magana ta mutu. Malamar lafiya ta ce in na kuskura sai ta kai ƙarata. Yaya, ina son tsohon nan, a kafaɗarsa na fara ganin kogi. Ina tsoron cutar ta ɗauke shi, ina kuma tsoron ya tafi yana fushi da ni. Yaya zan yi?

Dagaci mai ɗan banzan hannu, daga gefen Cenab


Ranka ya daɗe dagaci, na yi dariya har sai da na cire tabarau, sannan na tausaya maka. Hannunka ya yi gaskiya, bakin bututu ɗaya yana iya raba cutar nan ga dattawa goma a zama ɗaya. Inda ka kauce shi ne, dokar da aka aiko wa gari duka ka ɓoye a aljihu, ranar da ka fito da ita kuma ka sauke ta a kan mutum ɗaya, ba tare da ko kalma ba. Baffa bai yi laifin fushi ba. Abin da ka yi masa, ma'ana ɗaya tak yake da ita a garinku.

Ba kai kaɗai zan ɗora wa ba. Wanda ya rubuta takardar nan a ofis bai taɓa zama a gadon igiya ba, ya jera muku "kada" bai faɗi yadda za a yi ba. Na yi shekara talatin ina aikin jinya, kuma abin da na gani ke nan: duk cutar da aka mayar abin kunya, ɓuya take yi, ta ci gaba da aikinta. Shi ya sa garinku ya warke cikin kwana ɗaya.

Liman yana duba zuciyar Baffa, malamar lafiya tana duba huhunsa, kai kuwa duka biyun kake so. Saboda haka gobe da hantsi ka karɓi lasifikar masallaci, ka karanta takardar nan kowa ya ji. Ka faɗa da bakinka cewa Baffa Niyamat bai yi komai ba, kai ne ka yi wauta. Ka ce daga yau an tsallake kowa, kai ne na farko. Sannan ka zauna a ƙofar zaure malamar lafiya ta fara gwada ka a idon jama'a, in atishawa ta zo ka yi abarka. Ka ƙara da cewa duk wanda ya ji tari ya zauna a gida, gonarsa za a fara girbewa, a ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Za ka sha mamakin yawan masu tarin da za su dawo garinku.

Daga nan ka sa a wanke hukkar zaure tas, ka ɗauke ta da kanka, ka bi ta tsakiyar gari zuwa gidan Baffa. Ka rufe hanci da baki, ka tsaya taku uku daga inda yake, ka cire rawanin da ya naɗa maka ka ajiye a ƙasa gabansa. Kada ka tsaya kare kanka. Ka roƙe shi ya riƙe wa gari hukkar amana, don ba wanda zai iya hana dattawa taɓa ta sai shi. Ba a ba korarre ajiyar hukkar gari, wannan ko wanzami zai gane. Maganar gwaji kuwa ka bar wa Sughra, na lura bakinta ya fi naka kaifi.

Son raina ne kada a sake kunna tabar nan har abada, amma mu gama da wannan yaƙin tukuna. Ranar da annoba ta wuce, Baffa ne zai ɗora garwashi, shi zai fara zuƙa. In bututun ya zo daidai gemunka ya wuce da shi, kada ka rubuto mini, ka yi shiru ka jira zagaye na biyu.

Allah ya ba Baffa lafiya, ya raya mai hancin nan na Lahore, ya sa ku girbe alkamarku ba wanda ya ragu a cikinku.

Yaya Shagufta