Maraƙar da Saniyar Talle ta Haifa

Zuwa ga 'yata Zulfa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Kamilu da yara. Mu nan Makoda sai godiya, in ban da ciwon gwiwa.

Na rubuto ne don in na ɗaga waya, duk wanda ke zaure sai ya ji. Kin tuna ƙwan saniyar madara irin ta waje da na saya a wata gonar kiwo, wanda aka riga aka haɗa da na bijimi aka daskarar? Tunda ba ni da saniya, na ari farar saniyar Baffanki Talle, likita ya dasa mata shi a mahaifa. Na yi masa bayani, ya ce to. Yanzu ta haifi maraƙa, baƙa mai roɗin fari, sai ya ce tasa ce. Wai tun kakanninmu maraƙi na mai saniya ne, kuma da hannunsa ya jawo ta. Ni da na tsufa ina malamin dabbobi a ƙaramar hukuma, yau ƙanena ke koya min wace ce uwa.

Gonar ta ce ba za ta yi wa maraƙar rajista da sunana ba sai an yi gwajin DNA. Na je tsinkar gashin jelarta Talle ya tare ni a bakin turke, sai da dagaci ya sa baki. Ga gashin nan a ambulan, ki kai musu da kanki.

Mahaifinki,
Shafi'i

Zulfa,

Bayan gaisuwa da fatan zazzaɓin jikata Huseina ya sauka. Sakamakon ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Na karanta shi a zauren dagaci. Uwa da uban maraƙar su ne na gonar, ba ɗigon jinin saniyar Talle a jikinta. Na zaci magana ta ƙare. Sai liman ya ce ko a cikin mutane shayarwa tana mayar da mace uwa, dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Mutanen da na yi wa shanunsu allura ba ko sisi, ba wanda ya dube ni. Dagaci dai tsoron takarda mai hatimi yake, ya ce a ba ni abata.

Baffanki ya tashi ya nufi turkensa. Da kansa ya kwanto ta ya ɗaure min a gindin darbejiya. Kafin la'asar ya sa an kwaɓa ƙasa, an toshe ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, wadda babanmu ya fasa. Kada ki kira shi. Ban yi laifi ba.

Mahaifinki,
Shafi'i

Zulfa,

Ina gaishe ku duka. Ni kam ba lafiya a raina.

Maraƙar ta ƙi madarar bokiti, ta ƙi ta kwalba. Tana kuka ta nan, saniyar tana amsawa ta bayan katanga, unguwa duk tana ji. Innarki ta daina yi min magana sai dai ta ajiye tuwo ta juya. Jiya na ga idon maraƙar ya faɗa, ƙafafunta na rawa. Na san abin da ke biyo bayan wannan, aikina ne.

Yau da hantsi na ja ta zuwa gidan Talle. Tunda ƙofar tsakani babu, sai da na zaga ta bakin titi, ta gaban masu zama a rumfar mai shayi. Na yi sallama a ƙofar Talle, takalmansa na nan a zaure, bai fito ba. Matarsa Tani ce ta karɓi igiyar, kanta a ƙasa. Ina tsaye a waje na ji kukan ya ɗauke.

Kin ce rajista ta fito da sunana. Ki ajiye ta a wurinki, ba na son ganinta yanzu. Gobe zan kai musu dusa da harawa. Ban sani ba ko Talle zai karɓa.

Ki sa mu a addu'a.

Mahaifinki,
Shafi'i